Ginshiƙai Huɗun Yu Tumirah

A ƙauyenmu Jatirumpuk ba a ce wa mutum a'a. In ka roƙi abu za a sunkuyar da kai, a yi maka murmushi, a ce "To", kai kuma ka koma gida ka yi ta juya maganar a ranka. Ni Sarjilah ban taɓa iya wannan ladabin ba. Uwata daga bakin tekun arewa aka auro ta, inda ake hira kamar ana faɗa, kuma bakinta na gada kaf. Har gobe in na gifta, matan unguwa sukan taɓa juna su ce ga mai baki nan. Su yi ta faɗa. Da akwai masu baki goma a garin nan, da abin da aka yi wa Tumirah ba a yi shi ba.

Ta ba ni shekara goma sha biyar, don haka Yu nake ce mata, yadda muke kiran yayyenmu mata. 'Yar gajeruwa ce, ƙafafunta sun buɗe sun yi faɗi saboda ba su san takalmi ba. Sana'arta goyon kaya. Duk ranar kasuwar Pahing, bayan kwana biyar-biyar ke nan, tana idar da sallar asuba za ta ɗora kwando a baya, ta ɗaure da majanyi, ta gangara dutse: busasshen rogo a ƙasa, mazarƙwailar kwakwa a tsakiya, damin ganyen jati, bishiyar katakon da muke gini da shi, a sama har ya wuce kanta. Tafiyar awa uku ce zuwa, huɗu dawowa, don dawowar hawa ce, ga gishiri da busasshen kifi da kananzir a baya. Shekarar da aka kai ni gidan miji na fara bin ta. Ita ta koya min ƙullin da ba ya cin kafaɗa, ita ta nuna min inda ake jingina kwando a jikin dutse a huta ba tare da an kwance ba. A hanya ba ta surutu. Ni ke yi, ita kuma ta ce "Uhm".

Wata damina, ina amarya ɗanya, santsi ya kwashe ni a tsakiyar rafi, kwandona ya kife, ruwa ya tafi da rogon surukata. Na zauna a bakin gaɓa ina kuka ina zagin rafin da uban rafin. Yu Tumirah ta bari sai da na gaji, sannan ta kwance nata, ta juye min rabi, ta ce, "Tashi, rana na yi." Ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta bar duniya. Duk tafiyar da ta yi a rayuwarta, in aka haɗa, ta isa ta kai ta Makka ta dawo da ita, amma ba ta taɓa wuce kasuwar nan ba.

Mijinta, Kang Dimejo (Kang muke ce wa yayyenmu maza), ya bi jirgin masu ƙaura zuwa Sumatra lokacin da gwamnati ke raba daji a can, a kan zai ga wuri ya dawo ya ɗauke ta. Wasiƙa ɗaya ya aiko. 'Ya'ya biyun da ta haifa masa duk ba su kai yaye ba. Ba ta ƙara aure ba, ba ta kuma taɓa zaginsa a gabana ba, ni ce ke zagar mata shi.

Da mahaifin su Yu Tumirah ya rasu aka raba gado yadda aka saba: namiji kashi biyu, don shi da sanda yake ɗaukar kwando biyu a kafaɗa, mace kashi ɗaya, don kwando ɗaya take goyawa. Haka dai ake faɗa. Ni a iya zamana ban taɓa ganin yayanta Kang Sentono ya ɗauki abin da ya fi kejin kurciyarsa nauyi ba. Shi ya sami fadamar shinkafa da filin gida, ita aka ba ta wata gona can tudu kusa da maƙabarta, wadda duwatsunta suka fi ƙasarta yawa. Amma kada in ɗauki alhakin mamaci, Kang Sentono ba mugu ba ne. Shi da bakinsa ya ce, "Rah, me zai kai ki cikin duwatsu ke kaɗai? Kafa gidanki a filina, mu riƙa jin tarin juna." Kuma a wurinmu wannan ba abin tsoro ba ne. Fili daban, gida daban. Gida katako ne da aka harhaɗa da turakun itace, babu ƙusa ko ɗaya, zaune kawai yake a kan duwatsu. Ranar da zama ya ƙare sai ka kira gayya, a sauke rufi, maza arba'in su zura gora a ƙarƙashi su ɗaga maka abinka.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana tara gidan nan. Ginshiƙai huɗu na tsakiya, waɗanda su ne gidan, ɗaya-ɗaya ta saye su daga hannun masu tashi zuwa Sumatra. Tsohon itacen jati ne, kowanne sai ka rungume shi. Shi ya sa ba su zo launi ɗaya ba, guda ya fi sauran duhu. Suna kwance a bayan ɗakin yayanta an lulluɓe su da ganyen kwakwa, har ta sami katakan sama, ta sami allunan bango. Tayil ɗin yumɓu na rufi kuwa da bayanta ta hau da shi daga wurin masu gashi a bakin rafi, ashirin-ashirin. Ranar da aka kafa gidan ta ɗaura jan ƙyalle da fari da damin shinkafa a ƙololuwa, ta ciyar da gari. Daga ranar, kullum da safe sai ta goge ginshiƙan da tsumma da sauran kwakwar da aka matse, har suka koma suna ɗaukar ido. Shekara ashirin da uku ta yi a ciki.

Kang Sentono ɗa ɗaya ya bari, ɗan tsufa, Harjito. Uwarsa mai yawan ciwo ce, don haka a ɗakin Yu Tumirah ya yi rarrafe, a jikin ginshiƙan nan ya koyi tsayuwa. Ya girma ya tafi birni ya zama kwandasta, ya dawo da agogo da gashi mai sheƙi da buri ɗaya: ya mallaki tasa motar, ya riƙa jigilar 'yan kasuwa a sabuwar hanyar da aka fasa ta hawo dutsenmu. Ba laifi ba ne mutum ya so mota.

A shekarun nan ne wasu mutane suka fara yawo a ƙauyuka kan babur, suna leƙa gidajen mutane, suna ƙwanƙwasa ginshiƙai da yatsa kamar masu sayen kankana. Wai masu otal a Bali ne ke son tsofaffin gidajen jati, baƙi su zauna a ƙarƙashi su sha iska. Dillalin da ya maƙale wa Yu Tumirah sunansa Pak Gondo, wato Malam Gondo. Sau uku yana zuwa, sau uku tana dafa masa shayi, ta saurari tayinsa, ta ce, "To, Pak, zan yi tunani." Ita ma ai 'yar garin ce. Ya gane karatun, bai ƙara bi ta ƙofarta ba. Ya jira aka yi sadakar kwana dubu ta Kang Sentono, sannan ya zaga ta wurin Harjito.

Ana saura kwana biyu watan Besar ya ƙare, ina ɗakinta muna ɓarar gyaɗa, sai ga Harjito ya shigo a sunkuye. Ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa, hannu a haɗe, ya kashe murya.

"Gwaggo, gafara na zo nema, da albarka."

"Uhm. Ka ci abinci, Le?" Haka take kiransa tun yana cinyarta.

"Na ci, Gwaggo. Dama... filin nan na Baba ne, na sayar wa Pak Gondo. Takarda ta ce ranar ƙarshe ta watan gobe za a miƙa masa, da duk abin da ya tarar tsaye a kai. Amma kada Gwaggo ta damu, wata guda cur ne. A kira gayya a ɗage gidan a kai gonarta ta tudu, ni ma da kafaɗata za a yi."

Na saki gyaɗar. "Watan gobe? Kai Harjito, watan gobe fa Suro ne!"

Ya dafe ƙirji yana kirana Lik, wato Inna. "Af! Wallahi, Lik Sar, ban lura ba."

Bai lura ba! Mutumin da ko aski ba ya yi sai ya tambayi rana. Jaririn garin nan ma ya san a Suro ba a ɗaura aure, ba a ɗora rufi, ba a tashi daga gida zuwa gida. Wanda ya yi, in ji manya, kafin shekara ta zagayo sai ya binne wani nasa. Kwana biyun da suka rage kuwa, ɗaya ya faɗo a ranar da mahaifin Yu Tumirah ya rasu, ranar da zuriyarsa ba sa fara komai, ɗayan kuma ko share duwatsun gona bai isa a yi a cikinsa ba. Wanda ya tsara wannan abu, da kalanda a gabansa ya zauna. Pak Gondo ba fili yake so ba, me zai yi da fili a kan dutse? Gidan da aka hana shi yake nema.

Na ce, "Yu, ki yi magana mana!"

Ta tattara ɓawon gyaɗa a zaninta ta ce, "Allah ya yi albarka, Le. Gaida gida."

Ni na ja ta zuwa wurin Pak Lurah, dagacinmu. Ya saurare mu yana gyaɗa kai, ya ce wannan magana ce ta cikin gida, kuma garinmu an san shi da zaman lafiya, bai kamata a ji kanmu ba, zai duba. Yana nan yana dubawa har yau. Daga nan muka biya ta wurin liman. Shi kam ya faranta mana rai. Ya ce kwanaki duka na Allah ne, Suro wata ne kamar kowane wata, sauran duk camfin mutanen da ne.

Yu Tumirah ta ce, "To, Pak, in na sa rana za a zo a kama min?"

"To, to. In Allah ya yarda."

Ta sa ranar goma sha biyu ga wata. Da safe tana gonarta tana haƙar duwatsu tana baje ƙasa, da la'asar kuma ta yafa gyale ta bi gida-gida. Ƙofa arba'in da uku ta tsaya, na raka ta a fiye da rabi. Ko'ina aka shimfiɗa mata tabarma. Manya su ce, "To, Yu," matasa masu kiranta Mbah, wato kaka, su ce, "To, Mbah, ai dole ne." Ina lura da su, babu wanda ya haɗa ido da ita.

A hanyar komawa na ce, "Yu, ba za su zo ba."

"Sun ce to."

"Ke me kika ce wa Pak Gondo?"

Ta tsaya ta dube ni. "Wancan baƙo ne, Sar. Waɗannan kuwa, wane ne ban yi girkin bikinsa ba? Wace uwa tasu ce ban wanke gawarta ba?"

Ta sa aka yanka akuyarta, ita ke nan gare ta. Muka dafa shinkafar mutum arba'in, ba dambun rogon da muke ci kullum ba, muka soya tempe, wainar waken suyar nan tamu, muka jera shayi, ta jera karan sigari mai kanumfari a kofuna. Gora goma sha biyu na jingine a bakin ƙofa, ga igiya a gefe. Hantsi ya yi. Rana ta take. Ta bayan gidaje nake hango maza suna sulalewa gona sumui-sumui, fartanya a kafaɗa, ana bin hanyar rafi don kada a gifta ƙofarta. Liman ya aiko cewa bayansa ya riƙe. Harjito mai kafaɗa tun asuba ya bi motar birni.

Na kwasa da gudu na koma gida, na tarar da mijina Kang Wiro kwance ya juya wa ƙofa baya.

"Kang, tashi."

"Cikina ke murɗa, Sar."

"Cikin da ya tashi da kwano biyu ɗazu? Tashi, ka ji kunya! Ƙato da kai, gashin baki kamar tsintsiya, wata ya kwantar da kai?"

Ya tashi zaune. "Ke bakinki ba ya gajiya? 'Yarmu cikinta wata takwas. In na sa kafaɗa a gidan nan wani abu ya same ta, ke za ki dawo min da ita?"

Gaskiya ni ma na ji tsoro. Tsoron nan ba na ƙarya ba ne, da shi aka haife mu. Amma ba shi ne ya ƙona min rai ba.

"To me ya hana ka faɗa mata haka ranar da ta zauna a tabarmarka?"

Ya zaro ido. "Haba! In dubi tsabar idon tsohuwa in ce mata a'a? Ba ni da tarbiyya ne?"

Kun ji fa. Tarbiyya.

Da azahar ta wuce Yu Tumirah ta tashi. Ta shiga ƙulla shinkafa da nama a ganyen jati, ƙulli arba'in da uku, ta loda a kwando ta goya, ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa, wai kada abinci ya lalace. Na so a ce wani ya ji nauyi ya mayar. Babu wanda ya mayar. Har ana cewa naman ya yi laushi.

Ranar kasuwar da ta biyo, muna hutawa a jikin dutsen da muka saba, mu bakwai masu goyo, na kasa haƙuri. Na ce, "Wai ni kam, a Suro ba ma goyo itacen girki?"

Yu Kasinem, wadda ta fi mu ƙiba ta fi mu tsoro, ta ce, "Muna goyowa mana."

"Allo ba itace ba ne?"

Ta gyara majanyinta. "In dai ba a ce gida aka ɗauka ba..."

"Wa ya ce gida? Itace za mu taya Yu kwashewa."

Washegari muka hallara, kowa da majanyinta. Yu Tumirah da kanta ta tattare zani ta hau rufi, tana da shekara sittin da biyar, tana miƙo tayil muna karɓa. Muka bubbuge turaku da taɓarya, allunan bango suka saki, muka riƙa goya su muna hawa tudu. Kwana tara muna yi. Maza na wucewa suna kallon yatsun ƙafarsu, mai ƙarfin halin cikinsu ya ce, "Sannunku da aiki." Ni kuwa in ce, "Yauwa, ya ciwon cikin?"

Ƙofofi, tagogi, bango, rufi, har duwatsun murhu, duk muka kai. Saura ginshiƙai huɗu da manyan katakan da suka ɗaure su ta sama. Nan ƙarfinmu ya ƙare. Katako ɗaya sai maza takwas da igiya suke sauke shi. Mun gwada, ya zame, saura ƙiris ya niƙe ƙafar Yu Kasinem. Yu Tumirah ta ce a bari, ba za ta sayi itace da ƙafar mutum ba. Ta dawo da tabarmarta ta shimfiɗa a tsakanin ginshiƙan, babu bango babu rufi, a nan ta ƙarasa watan. Kullum da safe tana goge su.

Pak Gondo ya zo dubawa ana saura kwana uku. Ya zagaya, ya shafa, ya yi dariya ya ce, "Kai, matan garin nan akwai kirki. Kun rage min aiki. Dama waɗannan nake so, allo ai ko'ina akwai shi." Da ba a riƙe ni ba, da taɓaryar nan ta san kansa.

Suro na fita, ɗaya ga watan Sapar, babbar mota ta hawo ta tsaya a bakin lungu. Kafin in gama wanke-wanke lungun ya cika da maza. Duk sun warke. Bayan liman ya saki, har shi ya yi addu'ar fara aiki. Kang Wiro na ciki, ya naɗa ƙyalle a ka yana ba da umarni. Pak Gondo zai biya ladan yini, ga taba kyauta. Aikin da ya gagare mu, cikin awa biyu suka yi shi, da waƙa da wasa da dariya. Aka kwantar da ginshiƙan a bayan mota aka ɗaure.

Yu Tumirah tana tsaye a gefe, dunƙulen taba a leɓe, har aka ja igiyar ƙarshe. Sai ta taka taya, ta kama ƙarfe, ta haye. Ta zauna daram a kan ginshiƙan ta miƙe ƙafa.

Maza suka dubi juna. Harjito ya matso yana murza hannu. "Gwaggo, a sauko don Allah, rana za ta yi zafi."

"To, Le."

Ba ta motsa ba. Aka aika aka kira Pak Lurah, ya zo ya yi dogon jawabi a kan haƙuri da zumunci da sunan gari.

"To, Pak Lurah. Yanzu."

Ko gezau. Liman ya gwada, Pak Gondo ya gwada har da tayin abin shan shayi, kowa ta amsa masa da ladabi ta ci gaba da zamanta. Taɓa ta kuwa babu mai iyawa, wa zai sa hannu ya finciko tsohuwa a gaban jama'a? Suka yi cirko-cirko a rana tun hantsi har la'asar. Na kai mata ruwa da malafa, na koma inuwa na zauna ina dariya da ƙarfi don su ji. Tun da aka fara abin nan, ranar ce kaɗai na ji sanyi a raina.

Direban motar ɗan tsibirin Madura ne, Cak Sahri, wani siriri mai jajayen idanu. Tun safe yake barci a ƙarƙashin mota. Ya fito yana miƙa ya ce, "Wai me ake jira ne? Ina da jirgin fito da zan tara gobe." Kowa ya hau kame-kame. Ni na ba shi labari tun daga farko, da sunan kowa, ban rage murya ba. Ya saurara, ya dubi mazan nan ɗaya-ɗaya, ya tofar da yawu. Sannan ya hau motar ya tsuguna a gabanta.

"Mbah, ni ba ɗan nan ba ne, ban iya zaƙin baki ba. Itacen nan naki ne, kuma cutarki aka yi, kowa a nan ya sani. Amma ba za a sauke shi ba. Takarda tana hannunsu. In na ƙi ja, jibi wata motar za ta zo. Ko kwana bakwai kika yi a nan, tafiya zai yi. Babu, Mbah. Ya tafi."

Ta dube shi. Ta cire tabar daga leɓe.

"Ina za ka kai su?"

"Bali."

"Teku za su haye ke nan?"

"Ƙwarai."

"Ni ban taɓa ganin teku ba." Ta shafa wanda take zaune a kai. "Ka ce wa masu kafawa su duba gindi da kai. Yadda itace ya tsaya a daji haka ake tsayar da shi, in aka juya shi mai gida ba ya samun barci. Wannan mai duhun kuma ba ya son ruwa a ƙafarsa, a ɗora shi a dutse mai tsayi."

"Zan faɗa. Ban ce za su ji ba."

"Na sani." Ta miƙa masa hannu, ya sauko da ita a hankali.

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta juya ta fuskanci mazan garin. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Da ɗayanku ya yi min irin maganar bawan Allahn nan ranar da na zo ƙofarsa, da ban yanka akuyata ba. Da sayar da ita na yi, na ɗauko 'yan dakon Madura daga kasuwa, waɗanda ba ruwansu da Suro. Yini ɗaya ya ishe su."

Babu wanda ya ɗaga kai. Motar ta tashi ta gangara. Ba ta tsaya kallonta ba, ta naɗe tabarmarta ta hau tudu.

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, a cikin wani ɗaki mai bangon jati da ginshiƙan gora. Gora ba ta iya nauyin jati, duk damina sai ɗakin ya ƙara karkata mu tokare shi da wata. Harjito ya sayi motarsa, fara mai shuɗin layi. Yu Tumirah ba ta taɓa shiga ba, a ƙafa ta ci gaba da zuwa kasuwa har ƙafafun suka ƙi. Ni na shiga daga baya da gwiwoyina suka gaza, kuma ban yafe wa kaina ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne ranar da aka kafa ɗakin. Washegarin ranar da aka tafi da ginshiƙan ne. Ba wanda ya kira su, sai ga su sun hawo tudu, su arba'in da wani abu, da gora da igiya da fara'a. Kafin azahar sun kafa, sun jingina alluna, sun ɗora rabin tayil. Yu Tumirah ta hura wuta ta dafa musu shayi, ta ba ni buta ta ce in zuba. Suna zaune a kan duwatsunta suna kurɓa suna kallon aikinsu, sai na ji Pak Lurah yana cewa duk yankin nan babu garin da ya kai namu taimakon juna. Aka yi ta gyaɗa kai, Kang Wiro har yana miƙo min kofi a ƙara masa.

Na juye sauran shayin a ƙasa a gabansu, na ajiye butar, na tafi gida.